Aïssa Maïga: Tauraruwar da ta ƙirga baƙar fata a zauren César, ta kai kyamara rijiyoyin Azawak

A daren 28 ga watan Fabrairun 2020, a zauren Pleyel da ke birnin Paris, an kira Aïssa Maïga bisa dandamali domin ta miƙa kyautar César ga jaruma mai tasowa. Aiki ne na minti biyu: a yi murmushi, a buɗe ambulan, a karanta suna, a sauka. Ita kuwa sai ta tsaya tana duba cikin zauren, ta shaida wa manyan masu fim na Faransa cewa shekara sama da 20 ke nan, duk taro irin wannan da ta shiga ba ta iya hana kanta ƙirga baƙar fatar da ke ciki, kuma sau da yawa yatsun hannu ɗaya sun ishe ta. Ta yi maganar da sigar barkwanci, amma waɗanda suka yi dariya ba su da yawa. Kyamarorin Canal+ sun riƙa nuna fuskoki a ɗaure, wasu na kallon ƙasa, wasu na gyara zama.

Daren dama ya zo da zafi. A cikinsa ne aka bai wa Roman Polanski kyautar gwarzon darakta duk da zarge-zargen fyade da ke kansa, abin da ya sa jaruma Adèle Haenel ta tashi ta fice a fusace. A cikinsa ne kuma fim ɗin Les Misérables na Ladj Ly, ɗan asalin Mali da ya tashi a unguwannin bayan garin Paris, ya lashe kyautar fim mafi kyau. Washegari jaridu suka rabu a kan jawabin Aïssa. Wasu suka ce ta faɗi abin da kowa ya sani yake shiru, wasu suka ce ta ɓata biki. Ƴar siyasar nan ta masu ra'ayin riƙau, Nadine Morano, ta ce in ganin fararen fata da yawa ya dame ta, to ta koma Afirka.

Abin da Morano ba ta sani ba, ko ba ta damu ta sani ba, shi ne a daidai wannan lokaci Aïssa tana kai da kawowa tsakanin Paris da wani ƙauyen Fulani a arewacin Nijar, tana ɗaukar fim a kan ruwan sha.

Ɗiyar ɗan jarida

An haife ta a Dakar ranar 25 ga watan Mayun 1975. Mahaifiyarta tana da tushe a Senegal da Gambiya, mahaifinta kuwa, Mohamed Maïga, ɗan Mali ne daga yankin Gao. Duk wanda ya san hanyar Tillabéri zuwa Ayorou ya san wannan suna ba baƙo ba ne a gare mu. Maïga na wancan gefen iyaka da na wannan gefen kogi guda suke sha. Tana da shekara huɗu aka kai ta Faransa, inda ta yi makaranta, tana zuwa hutu wajen dangin mahaifinta a Mali.

Mohamed Maïga ɗan jarida ne da ya yi suna a mujallun Jeune Afrique da Afrique-Asie, kuma na kusa ne ga Thomas Sankara tun kafin ya hau mulki a watan Agustan 1983. Ranar 1 ga Janairun 1984 ya rasu ba zato ba tsammani a Wagadugu, lokacin ma ƙasar na amsa sunan Haute-Volta. Mutane da dama na kusa da shi sun daɗe suna zargin guba aka sa masa. Aïssa tana da shekara takwas a lokacin, kuma dangi ne suka ci gaba da riƙonta a Faransa. Bayan shekara uku da ƴan watanni, ranar 15 ga Oktoban 1987, aka kashe Sankara shi ma.

Wasan kwaikwayo ta fara shi tun tana ƴar makaranta, a wani wasan kiɗa da rawa da malamarta ta shirya. Fim ɗinta na farko da ya fita gidajen sinima shi ne Saraka Bô na Denis Amar a 1997, labarin binciken kisan kai a cikin al'ummar ƴan Afirka mazauna Paris. Daga nan sai jira. Daraktoci na yabon fuskarta da muryarta, amma abin da ake miƙo mata yawanci bai wuce matar da ba ta da takardun zama, ko mai aikin gida, ko karuwa, ko yarinyar da za a yi wa auren dole ba. Michael Haneke ya saka ta a Code inconnu a 2000, ya sake kiranta a Caché a 2005. A wannan shekarar ne jama'ar Faransa suka fara riƙe sunanta, bayan ta fito a matsayin Kassia a Les Poupées russes na Cédric Klapisch.

Akwai wani ɗan gajeren wasa da ta yi a 2006 wanda duk ɗan bida da ya gani zai daɗe bai manta ba. A cikin fim ɗin Paris, je t'aime, kashin da Oliver Schmitz ya shirya a dandalin Place des Fêtes, ta fito a matsayin ma'aikaciyar agajin gaggawa da aka kira wajen wani ɗan Najeriya da aka daɓa wa wuƙa. Mutumin, wanda Seydou Boro na Burkina Faso ya taka, yana kwance yana zubar da jini, abin da ya roƙa kawai shi ne su sha kofi tare, domin ya taɓa ganinta a wurin ajiye motocin da yake shara, ita kuwa ba ta tuna shi ba. Kofin ya iso bayan rai ya yi halinsa. Duka wasan ƴan mintuna ne, kuma hannunta da ke rawa riƙe da kofuna biyu ya fi dogon jawabi a kan ƙaura.

Tsakar gidan da aka gurfanar da Bankin Duniya

Shekarar 2006 ita ce ta sauya mata matsayi, kuma darakta ɗan Afirka ne ya yi sanadi. Abderrahmane Sissako, haifaffen Mauritaniya da ya girma a Mali, ya shirya fim ɗin Bamako a tsakar gidan mahaifinsa da ke unguwar Hamdallaye. A wannan tsakar gida aka kafa kotu da alƙalai da lauyoyi sanye da rigunansu, ana shari'a tsakanin al'ummar Afirka da Bankin Duniya da Asusun IMF. Shaidu na tashi ɗaya bayan ɗaya, ciki har da tsohuwar ministar al'adu ta Mali Aminata Traoré, suna bayani a kan bashi da sayar da kamfanonin gwamnati da korar ma'aikata. A gefe kuma rayuwar gida ba ta tsaya ba: masu rini na rini, ana shanya, ana ɗaura aure, mara lafiya na kwance a ɗaki, awaki na ratsawa tsakanin kujerun lauyoyi.

Aïssa ce Melé, mawaƙiyar mashaya da aurenta ke rugujewa, mijinta Chaka ba shi da aiki. Maganarta a fim ɗin kaɗan ce. Tana fitowa daga ɗaki ta ratsa ta gaban kotun kamar babu kowa, ta sa a ɗaure mata igiyar riga ta baya, ta wuce wurin aikinta. Sau biyu ake nuna ta tana waƙa, a farko da kuma kusa da ƙarshe, kuma a karo na biyun hawaye na zuba. Duk lissafin da lauyoyi suka yini suna yi a kan ruwan bashi, a fuskarta mai kallo ke ganin inda ya sauka.

Ga ɗan Nijar, wannan shari'a ba tatsuniya ba ce. Matakan tsuke bakin aljihu da waɗannan cibiyoyi suka gindaya su ne suka fitar da ɗalibai kan titi ranar 9 ga Fabrairun 1990, aka harbe uku a gadar Kennedy da ke Yamai. Iyayenmu kuma har yau suna ba da labarin Janairun 1994, lokacin da aka wayi gari darajar sefa ta ragu da rabi.

An nuna Bamako a bikin Cannes na 2006, kuma a dalilinsa aka saka sunan Aïssa cikin masu takarar César ta jaruma mai tasowa a 2007. Ba ta samu ba. Mélanie Laurent ce ta ɗauka da fim ɗin Je vais bien, ne t'en fais pas, wanda Aïssar ma ta fito a ciki a matsayin ƙawarta. Ita ce dai wannan kyauta da aka ba ta ta miƙa wa wata bayan shekara 13, a daren ƙirgar.

Kyaututtukan da ta samu sun zo ne daga wasu wurare. Bikin fina-finan Italiya na Bastia ya ba ta kyautar jaruma a 2009 saboda Bianco e nero na Cristina Comencini, labarin soyayya tsakanin matar aure ƴar Senegal da magidanci ɗan Italiya a birnin Rum. A 2013 bikin fina-finan talabijin na Luchon ya karrama ta saboda Mortel été. Kafin nan, a 2012, ta taka Suzanne, matar jagoran juyin juya halin Haiti, a fim ɗin Toussaint Louverture da tashar France 2 ta nuna. Michel Gondry ya ba ta Alise a L'Écume des jours a 2013, rawar da babu abin da ya haɗa ta da launin fata, irin wadda ta daɗe tana cewa ba a cika bai wa baƙar mace ba.

Sai fina-finan barkwanci biyu da suka shiga gidaje sosai. Bienvenue à Marly-Gomont na 2016 labarin gaske ne na iyalin mawaƙi Kamini: likita ɗan Zaire da ya kai matarsa da ƴaƴansa wani ƙauye a arewacin Faransa a 1975, inda mutanen gari ke tsoron ya taɓa su. Aïssa ce matar likitan, wadda aka ce mata za a zauna kusa da Paris ta tarar da shanu da laka. A Il a déjà tes yeux na Lucien Jean-Baptiste, wanda ya fita a farkon 2017, an juya labarin da aka saba: miji da mata baƙar fata ne aka ba riƙon jariri farin fata mai shuɗin ido, duk inda uwar ta je da shi ana ɗauka ƴar raino ce, iyayenta ma suka ƙi karɓarsa a matsayin jika. Mai kallo na dariya, yana kuma gane cewa son zuciya a kan launi ba gida ɗaya ya sauka ba.

Mata 16 a kan matakala

A watan Mayun 2018 kamfanin ɗab'i na Seuil ya fitar da wani ƙaramin littafi mai suna Noire n'est pas mon métier, wato zama baƙa ba shi ne sana'ata ba. Aïssa ce ta kawo shawarar, ta tara ƴan wasa mata 16, kowace ta rubuta abin da ta gani da idonta a wannan sana'a. Akwai dattijuwa Firmine Richard, akwai Sonia Rolland wadda ta zama sarauniyar kyau ta Faransa a 2000, akwai Eye Haïdara da Nadège Beausson-Diagne da matasa irin su Karidja Touré da Assa Sylla. Sun ba da labarin yadda ake cewa mace ta yi baƙi da yawa, ko ba ta yi baƙi yadda ake so ba. Yadda ake tilasta wa wadda aka haifa a Paris ta karya harshe ta yi "faransancin Afirka". Yadda masu kwalliya ba su tanadi hodar da ta dace da fatarsu, masu gyaran kai ba su san yadda za su taɓa gashinsu ba. Ga ƙarancin albashi, ga maganganun batsa da ake jifansu da su a wurin gwaji.

Ɗaya daga cikin 16 ɗin tamu ce. Magaajyia Silberfeld ɗiya ce ga Rahmatou Keïta, daraktar Nijar, kuma ita ce ta ja fim ɗin Zin'naariyâ! na 2016, labarin ɗiyar gidan sarauta da ta dawo Damagaram daga karatu a waje, fim na farko da Nijar ta aika takarar Oscar.

Ranar 16 ga Mayun 2018 su 16 ɗin suka hau matakalar bikin Cannes tare, cikin kayan Balmain, ana ruwan sama, mawaƙiya Khadja Nin ta Burundi, wadda ke cikin alƙalan gasar a shekarar, ta tarbe su a sama. Suka ɗaga hannu a dunƙule. Hoton ya zagaya duniya a dare ɗaya.

Sai mutum ya san Faransa kafin ya gane abin da ya sa ƙirga kawuna ke tayar da ƙura haka. Tsarin jamhuriyar ƙasar ya ginu a kan cewa ɗan ƙasa ɗan ƙasa ne, babu ruwan hukuma da launinsa, don haka ƙidayar jama'a ba ta tambayar launin fata, kuma doka ta taƙaita tattara irin waɗannan alƙaluma. A takarda abin ya yi kyau. A aikace kuwa, wanda aka hana wa aiki ko gidan haya saboda fatarsa yana shan wahalar kawo hujja, tunda abin da ba a ƙirga ba ana iya cewa babu shi. Ba Aïssa ce ta fara wannan faɗa ba. Tun a bikin César na 2000, marubuciya Calixthe Beyala da ɗan wasa Luc Saint-Éloy suka hau dandamali ba tare da gayyata ba suka yi irin wannan ƙorafi. Sai a 2012 baƙar fata, Omar Sy, ya samu César ta gwarzon jarumi, sai kuma 2017 Déborah Lukumuena ta samu ta mataimakiyar jaruma da fim ɗin Divines. Masu cewa an samu ci gaba waɗannan sunaye suke kawowa, kuma saurin ƙarewar jerin shi ne hujjar ɗaya ɓangaren.

Akwai masu sukarta da gaskiya, ba irin ta Morano ba. Suna cewa faɗan neman gurbi a sinimar Faransa faɗan waɗanda suka riga suka ƙoshi ne, cewa mace mai rigar Balmain ba ta wakiltar mai goge benen otal ko mai kwana a tashar jirgin ƙasa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai duk wanda ya zauna a Turai ya san abin da talabijin ke nunawa da dare shi ne mai gidan haya da ɗan sanda da mai ɗaukar aiki ke tashi da shi da safe. Idan shekara 30 baƙar fata a fim ɓarawo ne ko mai shara, likita baƙar fata zai daɗe yana nuna takardunsa. Ita ma ba ta tsaya kan jan kafet ba: a watan Yunin 2020, bayan kisan George Floyd a Amurka, ta tsaya kusa da Assa Traoré a gangamin da aka yi a gaban kotun Paris kan mutuwar Adama Traoré, matashin da ya rasu a hannun jandarmomi a 2016. A 2021 kuma ta fitar da Regard noir tare da Isabelle Simeoni, fim ɗin gaskiya da ya bi wannan tambaya daga Faransa zuwa Amurka da Brazil, ta zanta da daraktoci irin su Ava DuVernay da Ryan Coogler.

Tatiste

Fim ɗin da ya fi shafar mu shi ne Marcher sur l'eau, tafiya a bisa ruwa. An ɗauke shi tsakanin 2018 da 2020 a ƙauyen Tatiste, cikin Azawak, wajen Fulani Wodaabe. Sunan ba karin magana ba ne, bayanin ƙasa ne. A ƙarƙashin wannan yanki akwai makeken tafkin ruwa na kwarin Iullemmeden, wanda Nijar ke tarayya a kansa da Mali da Najeriya, amma zurfinsa ya kai mita 200 ko fiye, inda guga da igiya da jaki ba sa kaiwa. Mutane na tafiya kilomitoci da ƙishirwa, ruwan kuma na ƙarƙashin tafin ƙafarsu.

Labarin ya rataya ne a kan Houlaye, yarinya mai shekara 14. Idan rani ya tsananta uba ya kora dabbobi neman kiwo, uwa ta bi sauran mata zuwa bida, har Najeriya, suna sayar da magungunan gargajiya. Gida ya koma hannun Houlaye: ita ce mai ɗebo ruwa, ita ce mai dafa abinci, ita ce mai lallashin ƙanne, kuma tana son zuwa makaranta. Malamin ƙauyen na koyar da yara abin da ake nufi da sauyin yanayi a aji da rabinsa ya tafi rijiya. Mutanen gari suka haɗu suka rubuta takardar neman a haƙa masu rijiyar burtsatse. A ƙarshe injin haƙa ya iso, ruwa ya yi tsiri sama, yara na tsalle a cikinsa.

Wanda ya tashi a Abalak ko Tchintabaraden ko Dakoro babu abin da zai ba shi mamaki a nan. Mu da ke birni ma mun san layin jarkoki da ƙarfe uku na dare, balle mutanen Damagaram da matsalar ruwa ta zame masu gado. Abin da fim ɗin ya yi da kyau shi ne ya nuna cewa rashin ruwa ba a maƙogwaro yake tsayawa ba. Shi ke raba uwa da ɗanta wata da watanni, shi ke cire yarinya daga aji, shi ke mayar da ƴar shekara 14 uwar gida. Duk ɗan ci-rani da ya taɓa barin ƙaramin yaro yana kuka a bakin mota zai gane wurin da uwar Houlaye ke sallama.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa. An rubuta fim ɗin ne tare da Ariane Kirtley, shugabar ƙungiyar Amman Imman mai haƙa rijiyoyi a Azawak, wadda kuma ke da hannu a aikin rijiyar Tatiste. Kamfanin Bonne Pioche na Faransa, wanda ya yi suna da fim ɗin La Marche de l'empereur, shi ne ya shirya shi. Wasu wuraren an tsara su ne aka sake takawa a gaban kyamara, don haka fim ɗin na tsakanin gaskiya da wasa. Hotunan sun yi kyau ƙwarai, wani lokaci har kyan ya so ya rufe wahalar. Kuma labarin ya tsaya a ranar da ruwa ya fito, alhali duk wanda ya yi yawo a karkarar Tahoua ya ga tankunan da suka bushe saboda injin ya lalace, babu kayan gyara, ko kwamitin kula da rijiya ya watse a kan kuɗin mai. Ranar biki ba ta da wuyar ɗauka. Shekara ta uku bayan bikin ita ce fim ɗin da har yanzu muke jira, kuma da wuya wani ya taso daga Paris ya yi mana shi.

Duk da haka, ba ƙaramin abu ba ne a ji Fulfulden Azawak a Cannes. An nuna fim ɗin a can a watan Yulin 2021, a wani sashe na musamman da aka keɓe wa batun yanayi. A watan Oktoba, a bikin FESPACO, ya samu Étalon na azurfa a rukunin fina-finan gaskiya, bayan Garderie nocturne na Moumouni Sanou ɗan Burkina Faso. A Wagadugu ke nan, garin da mahaifinta ya rasu shekara 37 kafin nan. Ya shiga gidajen sinimar Faransa ranar 10 ga Nuwamba. A wannan shekarar ce kuma Aïcha Macky ta fitar da Zinder, a kan matasan unguwar Kara-Kara, wanda ya nuna cewa ƴar gida na iya shiga lungun da baƙo ba zai shiga ba, komai kyan niyyarsa.

A cikin watan na Yulin 2021, kwanaki kaɗan bayan an rufe Cannes, Zalika Souley ta rasu. Ita ce jarumar Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane a 1966, da Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, fim ɗin da ya fara lashe Étalon de Yennenga a 1972. Saboda ta taka mace marar kunya a fim, mutanen Yamai suka riƙa zaginta a titi kamar halinta ne, kuma daga baya sai da ta je aikatau a ƙasar waje. Rahmatou Keïta ta adana labarinta a Al'lèèssi. Masu bin Kannywood kuma ba su manta korar da ƙungiyar MOPPAN ta yi wa Rahama Sadau a 2016 a kan bidiyon waƙa ba. Ƙorafin Aïssa a kan launi ne, na Zalika da Rahama a kan mutuncin mace ne a idon jama'arta, amma kafin mu tafa wa mai faɗa da Faransawa ya kamata mu tuna yadda muka yi da tamu.

Inda take yanzu

Tun kafin daren César aikinta ya fara karkata zuwa waje. A 2018 ta fito a Taken Down, shirin talabijin na tashar RTÉ ta ƙasar Ailan, a matsayin Abeni, uwa ƴar Najeriya da ke zaune da ƴaƴanta a sansanin masu neman mafaka, shekaru suna jiran takarda. A 2019 Chiwetel Ejiofor ya ba ta rawar Agnes, mahaifiyar William Kamkwamba, a The Boy Who Harnessed the Wind da Netflix ya fitar, labarin yaron Malawi da ya haɗa injin iska da tarkacen keke ya jawo ruwa a lokacin yunwa. Ta yi wasan da harshen Chichewa, wanda ba nata ba. Ruwa da fari da uwa mai riƙe gida: kamar dai tana share fagen Tatiste ne.

A watan Mayun 2025 ta koma Cannes da Promis le ciel na Erige Sehiri, daraktar Tunisiya, fim ɗin da ya buɗe sashen Un Certain Regard. Ta taka Marie, ƴar Côte d'Ivoire, tsohuwar ƴar jarida da ta zama fasto a Tunis, tana zaune da wasu mata biyu, suka karɓi wata ƙaramar yarinya da ta tsira daga hatsarin jirgin ruwa. Labarin na gudana ne a yanayin da ya biyo bayan jawabin shugaba Kais Saied na Fabrairun 2023 a kan baƙin haure daga kudu da Sahara, lokacin da masu gidaje suka riƙa korar baƙar fata, ƴan sanda na kame a titi. Wannan karon masu nuna wariyar ba Turawa ba ne, a nahiyar Afirka abin ke faruwa, kuma waɗanda aka taɓa zubarwa a Assamaka daga Aljeriya ba sa buƙatar a fassara masu shi.

Dangantaka tsakanin Yamai da Paris ta yi tsamin da ba ta taɓa yi ba tun bayan Yulin 2023, kuma matasa da yawa ba sa son jin komai da ya fito daga can. Aïssa Maïga ƴar Faransa ce, da kuɗin Faransa ake yin yawancin fina-finanta, kuma a zauren Faransa ta tsaya ta yi ƙirgarta. Ta cika shekara 50 a makon da ake rufe bikin Cannes na 2025. Houlaye kuwa, wadda ke da shekara 14 a fim, yanzu ta kai shekarun yawancin masu karanta wannan shafi.